Masu Adda da Masu Ƙuri'a: Tarihin Ƙungiyoyin Ormas a Indunusiya

Duk wanda ya yi aikin Hajji ya san mutanen Indunusiya da tsari: ayari guda, kowa na bin na gabansa, ba hayaniya. Ƙasarsu tana da mutum sama da miliyan 270 a kan tsibirai fiye da 17,000, kuma tun 1999 take yin zaɓe a kan kari, soja bai sake karɓe mulki ba. Amma wanda ya shiga unguwannin Jakarta zai ga wani abu dabam. A bakin kasuwa da tashar mota da kan kwana akwai 'yan ɗakunan gadi da aka shafe da fentin ƙungiya, a ciki ga ƙarti sanye da kaki mai dabbare-dabbare, su ba soja ba, su ba 'yan sanda ba. Su ke karɓar kuɗin ajiye babur, su ke gadin filin da ake shari'a a kansa, su ake kwasa a mota ranar gangamin siyasa. Ana kiran ƙungiyoyinsu ormas.

Sunan ormas ya haɗa kowace ƙungiyar jama'a, har da Muhammadiyah da aka kafa a 1912 da Nahdlatul Ulama ta 1926, masu dubban makarantu da asibitoci. Waɗanda gwamnati ta san da zamansu sun haura 500,000, kuma akasarinsu ba ruwansu da rigima. Wannan tarihi na tsirarun nan ne da ke cin abinci da tsoron mutane. Ana yawan cewa dimokuraɗiyya ce ta haife su bayan faɗuwar Suharto a 1998. Lallai a lokacin suka yi yawa kamar jamfa a Jos, amma sun girmi ƙuri'a nesa ba kusa ba.

Zamanin Turawan Holan

A ƙauyukan tsibirin Java akwai wani irin mutum da ake kira jago, a yankin Banten kuma jawara. Ya iya faɗan gargajiya na silat, yana da yara, kuma an yi imani ƙarfe ba ya cin sa, kusan yadda muka san 'yan tauri. An ce ma wanda ya kafa daular Singhasari a 1222, Ken Arok, ɓarawo ne ɗan caca kafin ya kashe ubangidansa, ya aure matarsa, ya hau gado. Littafin Pararaton ne ya kawo wannan labari, kuma an rubuta shi ƙarnuka bayan aukuwar abin, don haka almara da tarihi sun cuɗe a cikinsa. Abin da labarin ya tabbatar kawai shi ne mutanen Java sun daɗe da sanin cewa tsakanin ɗan fashi da sarki ba wata doguwar tafiya ba ce.

Daga ƙarni na 19 ne takardu suka fara magana sosai. Turawan Holan ba su da yawan da za su tsare kowane ƙauye, sai suka jingina da hakimai da dagatai, su kuma waɗannan suka jingina da jago. Dagaci zai ba shi gona, ya ɗauke masa haraji da aikin tilas, shi kuma ya hana ɓarayi shiga garin, ya je ya saci shanu a wani garin da bai biya ba. Shi ne ɗan rahoton 'yan sanda, shi ne kuma uban ɓarayi. A 1899 aka sace labule daga gidan Razdan na Madiun, wani mai suna Donner. Binciken da ya yi ya kai shi ga zargin cewa hakimin garin da kansa, Brotodiningrat, ke riƙe da ragamar ɓarayin yankin, kuma daga baya aka tuɓe hakimin. A kan labule ne asirin yadda ake mulkin Java ya tonu.

A kewayen Batavia, garin da Jan Pieterszoon Coen ya kafa a 1619 wanda ya zama Jakarta ta yau, lamarin ya fi muni. An sayar wa attajirai manyan gandaye tare da mutanen da ke zaune a kai, masu gandun kuma suka ɗauki ƙarti haya don karɓar haraji. A nan ne al'ummar Batawi ta samu, daga jikokin bayi da baƙi: mutanen Bali da Bugis da Malayu da Sunda da Java, da jinin Larabawa da Sinawa. Sai a ƙidayar 1930 aka fara lissafa su a matsayin ƙabila mai zaman kanta.

Gwarzonsu shi ne Si Pitung na unguwar Rawa Belong. A bakin mutane, almajiri ne mai tsoron Allah da ke ƙwace dukiyar azzalumai yana raba wa talakawa, wai yana ɓacewa, wai sai da harsashin zinariya aka iya kashe shi. Jaridun zamanin sun tabbatar da cewa an yi mutumin, ya yi fashi, ya tsere daga kurkuku, kuma 'yan sanda ƙarƙashin wani Bature mai suna Hinne sun harbe shi a watan Oktoba na 1893. Rabon dukiya ga talakawa kuwa a bakin jama'a da finafinai yake. Cikin waɗanda ya yi wa fashi har da wani attajiri Musulmi, Haji Sapiudin na Marunda, kuma gidan wannan bawan Allah ne yau masu yawon buɗe ido ke ziyarta da sunan gidan Si Pitung.

Yaƙin 'yanci, 1945 zuwa 1949

Japan ta mamaye ƙasar a 1942, ta horar da matasa a rundunoni irin su PETA da Hizbullah. Da Sukarno da Hatta suka shelanta 'yanci ranar 17 ga Agusta 1945, sabuwar jamhuriya ba ta da sojan kirki, Holan kuma tana shirin dawowa. Sai kowane gari ya kafa dakarun sa-kai da ake kira laskar, kuma waɗanda suka san makami da hanyoyin dare su ne jago. Masanin tarihi Robert Cribb ya bi diddigin yadda 'yan daban Jakarta suka haɗa kai da matasa 'yan kishin ƙasa a cikin Laskar Rakyat Jakarta Raya. A 1947 sojan jamhuriya da kansa ya murƙushe su a yankin Karawang saboda sun ƙi bin umarni, wasu daga cikinsu kuma suka koma yi wa Holan aiki.

Wasu sun ci riba. Imam Syafi'i, wanda aka fi sani da Bang Pi'ie, uban daban kasuwar Senen, ya shiga soja har ya kai muƙamin laftanar-kanal, a 1966 kuma Sukarno ya naɗa shi minista mai kula da tsaro. Daga wannan yaƙi aka gaji wata aƙida da har yau ba ta mutu ba: cewa kare ƙasa aikin kowa ne, don haka farar hula mai kaki da makami ba baƙon abu ba ne, ɗan kishin ƙasa ne.

1959 zuwa 1966

Bayan zaɓen 1955 manyan jam'iyyu huɗu suka fito: PNI ta 'yan kishin ƙasa, Masyumi da Nahdlatul Ulama na Musulmi, da PKI ta 'yan kwaminis. Kowace tana da reshen matasa. Ranar 28 ga Oktoba 1959 aka kafa Pemuda Pancasila a ƙarƙashin jam'iyyar IPKI, wadda Janar Nasution ya assasa, domin ta tari gaban matasan kwaminis. A birnin Medan na Sumatra ta Arewa, 'yan daban da ke sayar da tikitin sinima a bayan fage su ne ƙashin bayanta.

A daren 30 ga Satumba 1965 aka kashe janar-janar shida. Soja ƙarƙashin Suharto ya ɗora laifin a kan PKI, aka shiga kisan da ya ci rayukan da ake ƙiyasta tsakanin 500,000 da miliyan ɗaya. Soja ne ya ba da jerin sunaye da motoci da izini, amma hannun da ya riƙe wuƙa sau da yawa na farar hula ne: Pemuda Pancasila a Medan, matasan Ansor na Nahdlatul Ulama a Java ta Gabas, 'yan bangar PNI a Bali. Abdurrahman Wahid, tsohon shugaban Nahdlatul Ulama, ya nemi gafara a 2000 lokacin yana shugaban ƙasa. A fim ɗin The Act of Killing na 2012 kuwa, an ga Anwar Congo da abokansa na Medan suna kwaikwayon yadda suka shaƙe mutane da waya, suna dariya, domin babu kotun da ta taɓa kiran su. Darasin da kowane ɗan daba ya ɗauka a 1965 shi ne laifi ba laifi ba ne muddin wanda ya sa ka yana kan mulki.

Shekaru 32 na Suharto

Suharto bai kawar da 'yan daba ba, ya dai mai da su ƙarƙashin ubangida ɗaya. Lokacin zaɓe ana hayar su don jam'iyyarsa ta Golkar, lokacin yajin aiki don tarwatsa ma'aikata, lokacin gina babban titi don tashin mazauna. Da suka fara jin kansu, sai aka nuna musu iyakarsu. Daga 1983 zuwa 1985 aka yi abin da ake kira Petrus: wasu mutane da ba a sani ba su ɗauke mai zane a jiki da dare, da safe a tsinci gawarsa cikin buhu a bakin titi ko kasuwa. An fara a Yogyakarta ya bazu. Ƙiyasin waɗanda aka kashe ya kama daga 'yan dubbai zuwa 10,000. A littafin tarihin rayuwarsa na 1989 Suharto ya amsa cewa da gangan ake barin gawawwakin a fili don a girgiza masu laifi.

Sakamakon ba raguwar daba ba ne. Kowane preman, kamar yadda ake kiran ɗan daba a can, ya gane cewa zaman kansa mutuwa ne, sai a ruga a yanki katin ƙungiyar da gwamnati ta sa wa albarka. Pemuda Pancasila, wadda Japto Soerjosoemarno ya karɓi shugabancinta a 1981, ta cika ta batse da masu kakin ruwan lemo da baƙi. Dokar ormas ta 1985 ta wajabta wa kowace ƙungiya ta ɗauki aƙidar ƙasa ta Pancasila a matsayin tushenta tilo. Maganar ƙabila da addini da launin fata kuwa haramun ce a fagen siyasa. Saboda haka ɗan daba na zamanin Suharto ba ya cewa shi ɗan Batawi ne ko ɗan Dayak, sai dai ya ce shi mai kare ƙasa ne. A lokaci guda gwamnati na kwasar miliyoyin mutane daga Java da Madura da Bali tana zaunar da su a Kalimantan da Sumatra da Papua, kamfanonin katako na cinye dazuzzukan 'yan ƙasa, kuma duk wanda ya yi ƙorafi an ce yana hura wutar ƙabilanci. An rufe tukunya ne, ba a janye itacen ba.

Ranar 27 ga Yuli 1996 aka ga wannan tsari tsirara, lokacin da ƙarti da jami'an tsaro suka afka wa hedikwatar jam'iyyar PDI da magoya bayan Megawati Sukarnoputri suka mamaye. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ƙirga mutum 5 da suka mutu, 149 da suka ji rauni, 23 da suka ɓace.

1998 zuwa 2001: ubangida ya faɗi

Kuɗin ƙasar ya karye a 1997, tarzomar Mayu 1998 ta ci rayuka sama da 1,000 a Jakarta, Suharto ya sauka ranar 21 ga Mayu. Yara suka wayi gari ba uban gida, manya kuma suka shiga neman yara. A watan Nuwamba, lokacin zaman majalisar ƙoli, aka kwaso dubban matasa daga ƙauyuka da unguwannin talakawa, aka ba su masun gora da ɗaurin kai, aka kira su Pam Swakarsa, aka jera su gaban ɗalibai masu zanga-zanga. Mutanen unguwa sun kashe wasu daga cikinsu. A ƙarshen wannan wata rikici ya ɓarke a Ketapang tsakanin mazauna unguwa da 'yan daban Ambon masu gadin gidan caca, aka kashe mutane, aka ƙone coci-coci. Da yawa daga 'yan daban suka koma tsibirinsu, kuma ranar 19 ga Janairu 1999, ranar Ƙaramar Sallah, faɗa ya tashi a Ambon tsakanin Musulmi da Kirista. Kafin a sasanta a Malino a 2002, dubban mutane sun mutu, Laskar Jihad ta Jafar Umar Thalib kuma ta tsallaka daga Java da mayaƙanta ba wanda ya tare ta a tashar jirgin ruwa. A Timor ta Gabas, da kashi 78.5 cikin 100 suka zaɓi ɓallewa ranar 30 ga Agusta 1999, 'yan bangar da soja ya raina su ne suka ƙone ƙasar.

Canjin da ya fi tasiri bai zo da ƙarar bindiga ba. Doka mai lamba 22 ta 1999, wadda ta fara aiki a Janairu 2001, ta miƙa iko da kuɗi ga gundumomi da birane. Daga 2005 jama'a suka fara zaɓen gwamna da magajin gari da shugaban gunduma kai tsaye. Gundumomi da birane da ke kusan 300 suka haura 500, domin kowane yanki na neman a yanka masa nasa. Kwangila da lasisin haƙar ma'adinai da ɗaukar ma'aikata duk suka dawo gida, sai tambayar wane ne ɗan ƙasa, putra daerah, ta zama tambayar wane ne zai ci. Ɗan takara na bukatar taro da masu gadin rumfar zaɓe, shugaban daba na bukatar rufin asiri da kwangila. A da fada ɗaya ce ke saye, yanzu masu saye ɗaruruwa ne, kuma rigar da ta fi karɓuwa a sabuwar kasuwar ita ce ta ƙabila da addini.

Mafi munin abin da ya biyo baya ya faru a Sampit ta Kalimantan ta Tsakiya a Fabrairu 2001. Mayaƙan Dayak suka far wa baƙi 'yan Madura, aka kashe kimanin 500, sama da 100,000 suka tsere. An baza labarin wata adda mai tashi da kanta tana neman wuyan baƙo, da wani jarumin ɓoye da ake kira Panglima Burung. Wannan faɗe ne na mutane. Abin da ke rubuce shi ne rikicin fili da katako da muƙaman gunduma, da kuma ƙungiyoyin ƙabila da suka riga suka yi shekaru suna wa'azin cewa an ƙwace wa ɗan ƙasa gadonsa.

Batawa a garinsu

Jakarta ce wurin da ya fi dacewa a ga yadda abin ke aiki yau da kullum. Batawa kimanin kashi 28 cikin 100 ne kawai na mazauna birnin, mutanen Java sun fi su yawa. An tashe su daga Senayan don gina filin wasannin Asiya na 1962, aka ci gaba da tura su gefe duk lokacin da za a gina otal ko rukunin ofisoshi. Da yawa sun sayar da gonakin gado sun tafi Makka, 'ya'yansu suka tashi ba fili ba takardar makaranta, suna acaɓa a gindin benayen da aka gina a kan gonar kakansu. Ƙorafinsu na gaskiya ne, kuma duk wanda ya raina shi ba zai fahimci abin da ya sa dubban matasa suka amsa kira ba.

Tun 1997 aka ga alama. A lokacin kasuwar yadi ta Tanah Abang tana hannun Hercules, wani ɗan Timor da ya yi wa soja hidima a yaƙin can kafin a kawo shi Jakarta jinya. Ƙartin Batawa ƙarƙashin Bang Ucu suka haɗu suka kore shi da yaransa. Ranar 29 ga Yuli 2001 wani malami, Fadloli El Muhir, ya kafa Forum Betawi Rempug, FBR, a makarantarsa ta kwana da ke Cakung, yankin da 'yan Madura suka riƙe sana'ar gwangwan da filaye. Kakinsu baƙi ne, alamarsu adda, gwarzonsu Si Pitung, burinsu kuma Batawi ya zama jarumi kuma mai gida a unguwarsu. Wata ƙungiyar Batawa ma, Forkabi, a wannan shekara ta fito da irin wannan kira.

Ƙarfin FBR yana cikin ɗakunan gadin nan da ake kira gardu. Kowane gardu yana da shugaba da yanki. Shi zai je wa mai kanti ko ɗan kwangila ya ce a ɗauki yaran unguwa aikin gadi, a ba su kwangilar yashi da bulo, a bar musu wurin ajiye motoci. Idan an yarda, lafiya. Idan an ƙi, sai a wayi gari an toshe ƙofar shiga. Ga matashin da ba shi da kowa, katin ƙungiya aiki ne, lauya ne idan an kama shi, motar asibiti ce idan mahaifiyarsa ta kwanta, kuma mutunci ne a gaban ɗan sandan da a da ke marin sa. Masanin siyasa Ian Wilson, wanda ya daɗe yana bincike a cikinsu, ya nuna cewa ba a tsananta tambayar asali wajen shiga. Wanda ya daɗe a Jakarta, Musulmi ne, ya yi mubaya'a, ya zama Batawi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa ake sara da addar. Ranar 28 ga Maris 2002 'yan FBR suka far wa talakawan da ƙungiyar Urban Poor Consortium ta Wardah Hafidz ta tara a harabar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, suna ƙorafin rusau da ambaliya, aka raunata mata da yara. Gwamnan da ake ƙorafi a kansa, Sutiyoso, tsohon janar ne ɗan Java, shi ne kwamandan sojan Jakarta a lokacin harin 1996. Ƙungiyar da aka kafa don talakan Batawi ta doki talaka don kare gwamnan da ba Batawi ba. A 2007 ɗan Batawi, Fauzi Bowo, ya zama gwamna da goyon bayan waɗannan ƙungiyoyi. A 2012 kuwa duk da sun sake tsaya masa, Joko Widodo ɗan Solo da mataimakinsa Basuki Tjahaja Purnama, Ahok, Kirista mai jinin Sinawa, suka kayar da shi. A ranar ta bayyana cewa mai gardu yana iya cika fili da mutane, amma ba ya bin kowa cikin rumfar zaɓe.

Farar riga

Front Pembela Islam, FPI, ta Habib Rizieq Shihab an kafa ta ranar 17 ga Agusta 1998, hedikwatarta a Petamburan, kuma tana cikin waɗanda suka fito a zamanin Pam Swakarsa. Ta yi suna da farmakin mashaya da gidajen rawa a watan azumi. Ta kuma yi suna da aikin agaji: bayan igiyar ruwan Aceh ta Disamba 2004 'yan FPI na cikin waɗanda suka yi ta kwasar gawawwaki. Ranar 1 ga Yuni 2008 mabiyanta suka lakaɗa wa masu gangamin 'yancin addini duka a dandalin Monas, aka ɗaure Rizieq wata 18, amma kwana takwas bayan harin gwamnati ta fitar da takardar taƙaita ayyukan Ahmadiyya, wato abin da maharan ke nema. A Cikeusik ta Banten, ranar 6 ga Fabrairu 2011, wani gungu ya kashe 'yan Ahmadiyya uku a gaban 'yan sanda da kyamara. Hukuncin da ya fi tsanani a kan maharan wata shida ne, ɗaya daga waɗanda aka sara shi ma aka ba shi wata shida. Ko mene ne ra'ayin mutum game da aƙidar waɗanda aka kashe, kotun da ta yi wannan hukunci ta sanar da kowa farashin rai.

Wani lokaci kishin gida kan tare kishin addini. A Fabrairu 2012 ɗaruruwan Dayak suka mamaye filin jirgin saman Palangkaraya suka hana wakilan FPI sauka. A Bali, masu gadin gargajiya na ƙauyuka, pecalang, sun sami sabon matsayi bayan sun tsare taron jam'iyyar Megawati a 1998, dokar lardi ta amince da su a 2001, bayan harin bam na 12 ga Oktoba 2002 da ya kashe mutum 202 kuma suka shiga binciken takardun baƙi 'yan Java da Lombok. A gefensu Laskar Bali da Baladika suka taso suna takarar gadin gidajen rawa, har faɗansu ya tashi daga kurkukun Kerobokan zuwa titin Denpasar a Disamba 2015, mutum huɗu suka mutu.

FPI ta kai ƙololuwa a 2016. Ahok, wanda ya gaji kujerar gwamna bayan Joko Widodo ya zama shugaban ƙasa, ya yi magana a kan aya ta 51 ta Suratul Ma'ida, aka zarge shi da ɓatanci. Ranar 2 ga Disamba ɗaruruwan dubban mutane suka cika Monas. Ba duka 'yan FPI ba ne, kuma cikinsu akwai talakawan da rusau ɗin Ahok ya raba da gidajensu. Ya faɗi zaɓe a hannun Anies Baswedan a Afrilu 2017, ranar 9 ga Mayu aka yanke masa shekara biyu.

Daga 2017 zuwa yau

Gwamnatin Joko Widodo ta mai da martani da kayan aikin da ta gada. Dokar ormas ta 2013 ta ce sai kotu ce za ta rushe ƙungiya. A Yuli 2017 shugaban ƙasa ya sa hannu kan dokar gaggawa da ta cire kotu daga lissafi, aka soke Hizbut Tahrir Indonesia a cikin kwanaki, alhali ba da adda aka san ta ba, da kiran halifanci aka san ta. Rizieq ya dawo daga Saudiyya a Nuwamba 2020. Ranar 7 ga Disamba 'yan sanda suka harbe masu tsaronsa shida a kan babbar hanyar Jakarta zuwa Cikampek, ranar 30 ga wata aka haramta FPI. Ma'aunin, a ganina, bai taɓa zama tashin hankali ba. Wanda ya ƙalubalanci fada shi ake rushewa, wanda ke sara da sunan biyayya kuwa sai a ba shi kujera. Daga 2019 zuwa 2024 shugaban majalisar ƙoli, Bambang Soesatyo, da shugaban majalisar wakilan larduna, La Nyalla Mattalitti, dukansu manyan Pemuda Pancasila ne. A Nuwamba 2021, bayan faɗan ƙungiyar da FBR a Ciledug, wani ɗan majalisa ya ce a duba lasisinsu, sai 'yan ƙungiyar suka yi gangami a ƙofar majalisa suka jikkata wani babban ɗan sanda. Ba a soke ta ba.

Hercules ma ya dawo. Bayan zaman kurkuku fiye da sau ɗaya, a 2022 kamfanin kasuwanni na birnin Jakarta, wanda Tanah Abang ke ƙarƙashinsa, ya ɗauke shi mai ba da shawara. Ƙungiyarsa GRIB ta daɗe tana goyon bayan Prabowo Subianto, wanda ya hau mulki ranar 20 ga Oktoba 2024. A 2025 masu masana'antu suka fito fili suna kuka da takardun neman goron sallah da ormas ke aika musu, aka kuma yi ta maganar cikas da aka kawo wa ginin masana'antar motocin BYD a Subang. Sai da kukan ya fito daga bakin masu zuba jari gwamnati ta kafa kwamitin yaƙi da daba, aka kama dubban mutane, da yawansu masu karɓar kuɗin ajiye babur ne a bakin titi. Da GRIB ta so buɗe reshe a Bali, Gwamna Wayan Koster ya ce ba sa bukata, suna da pecalang nasu. A ƙarshen watan Mayu aka rushe ɗakin gadin GRIB a Tangerang ta Kudu, a kan wani fili mai kimanin hekta 12 na hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wanda 'yan ƙungiyar suka zaune da sunan suna kare magada, suna kuma ba 'yan kasuwa hayarsa.